Ruwan da Na Sakar wa Fegin Ƙarshe

Kun taso kuna jin ana zagin Malam Bulus a gidan nan. Uwarku ta zage shi har ta koma ga Allah, ku kuma kuka gada. An ce shi ya ruɗi yayanku Lawali, ya sa shi noman da ya lalace, har ya bar Wurno bai sake zama ba. Ba haka aka yi ba. Ni na san yadda aka yi, kuma na tsufa, shi ya sa na ce a rubuta.

Ban yi boko ba, allo ma ban daɗe a kansa ba. Tun ina ƙarami aka ba da ni ga wani Bafillace a gefen Tursa ina bin shanunsa. Da rani mukan gangaro da su fadamar Wurno. Babu kwari ko tudun da ban taka da ƙafata ba a fadamar nan. Na ga shekarun fari, na binne 'ya'ya biyu a wata guda, na ci abin da ba zan faɗa muku ba. Da aka gama dam a Goronyo, katafila ta zo ta baje fadamar, aka yanka hanyoyin ruwa, aka raba ƙasa fegi-fegi, kowane da lambarsa. Ni aka ba ni aikin ƙofar ruwa a wata ƙaramar hanya. Ƙarfe ne kamar ƙafar keke. In na murɗa dama ruwa ya tafi, in na murɗa hagu ya tsaya. Aikina ke nan shekara da shekaru, ga ɗan lambuna na albasa a bakin gulbi.

Lawali ɗan fari ne. Kun san yadda muke da ɗan fari. Kafin yau ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ban taɓa zama hira da shi ba. In zan ba shi saƙo, ta bakin uwarsa yake bi. Da ya samu jami'a a Sakkwato, karatun noma, kowa a unguwa ya zo yi mini barka. Na ce to. A cikina kuwa kamar in hau katanga in yi shela. Ban nuna ba, don ba a haka aka raine ni ba.

Malam Bulus malamin gona ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna. Gajere ne mai yawan dariya, kullum a kan babur. Ni Sarkin Ruwa yake ce mini, ya cire hula ya rusuna da wasa. Bai taɓa yi mini laifi ba. Ku riƙe wannan.

Saura shekara guda Lawali ya gama, aka tura su sanin makamar aiki na wata shida, kowane ɗalibi ya zaɓi inda zai je. Shi ya zaɓi gida, aka haɗa shi da Malam Bulus. Na yi murna. Na ce a raina yaron zai zo ya ga abin da ubansa ya sani. Sai ga shi kullum a bayan babur da littafi a hannu, Malam Bulus na magana yana rubutawa. In ya wuce ni ya durƙusa ya gaishe ni, ya tashi ya bi babur.

Wata rana da hantsi ina zuba wa ƙarfen ƙofa mai, suka zauna a gindin tsamiyar da ke wurin. Tsakanina da su bai fi taku biyar ba.

"To, in ka gama, ina ka nufa?" in ji Malam Bulus.

"Abokaina duk ma'aikata suka nema, Malam. Wasu banki, wasu koyarwa."

"Ban tambaye ka abokanka ba. Su ma ba su sani ba, bin juna kuke yi kamar tumaki. Kai me kake so?"

Lawali ya ce akwai wani kamfanin sayar da taki can kudu da ke ɗaukar 'yan ajinsu, kuma wani malaminsu ya yi alkawarin ba da sunansa. Amma shi abin da ke ransa irin albasa ne. Ya ce manoman Wurno da Rabah duk shekara sai sun tsallaka iyaka neman iri, wani lokaci a shuka rabi ya ƙi fita. Yana so ya zauna gida ya riƙa fitar da iri mai kyau, manomi ya san hannun da ya saya.

"To kada ka jira sai ka karɓi takarda kafin ka san ko za ka iya," in ji Malam Bulus. "Kuskuren da ɗalibai ke yi ke nan. Su gama, sannan su fara tunani. Gwada yanzu kana ɗalibi. Zan ba ka fegi ɗaya bana. In ya yi, ka gama ka dawo gida, ka san abin da ka dawo yi. In bai yi ba, ka karɓi aikin kamfanin da zuciya ɗaya. Ka yarda?"

"Na yarda, Baba."

Baba ya ce masa. Na ci gaba da zuba mai har ya zubo mini a ƙafa. Ina noman albasa tun ba a haifi Malam Bulus ba. Ga ni zaune taku biyar, ɗana yana shirya rayuwarsa duka da wani, yana kiransa da sunana. Babu wanda ya juyo ya ce, kai fa, mi ka gani? Na san a gari kowane babba Baba ne. Sanin bai hana abin ya yi mini ciwo ba.

Fegin da aka ba shi shi ne na ƙarshe a hanyar ruwata. Babu wanda ya taɓa nomansa, don yana da nisa. Malam Bulus ya zo da wani ƙarfe mai murɗa, ya ɗebi ƙasa nan da can, ya ƙulla a leda, ya aika birni aka duba. Aka ce ƙasa lafiya lau. Ni kuwa tun da na ga inda suka kafa turaku na gane wurin. Lasa muke ce masa zamanin ina kiwo. Nan shanu ke tsayawa su yi ta lasar ƙasa, sai an sa sanda kafin su tashi. Kanwa ce a wurin, fara fat, ko ciyawa ba ta fita. Da katafila ta zo, ta turo ƙasa mai kyau daga tudu ta rufe shi kamar taƙi biyu. Ƙarfen Malam Bulus bai wuce wannan ƙasar ba. Waɗanda suka san Lasa da sun mutu, da sun bi shanunsu sun yi gaba. Ni kaɗai na rage. Kuma na san halin kanwa. In ta ji ruwa ya kwanta a kanta, tasowa take yi.

Magana ɗaya ce ta rage mini. In ce wa uwarsa, gaya wa yaron nan ya bar wancan, ya zo ya ɗauki rabin lambuna na bakin gulbi. Shi ke nan.

Ita da kanta ta buɗe mini hanya. Tana ɓarar tafarnuwa a tsakar gida na shigo cin abincin rana.

"Yaron ga ya ce fegin ƙarshe anka ba shi. Ƙasar wurin na da kyau?"

"Shi tambayi Babanai."

"Wane Baba kuma?"

"Na bisa babur."

Ta ajiye tafarnuwar ta dube ni, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai dai tsohon ga. Da malamin gona kaka kishi? In aro maka babur ɗin ka ɗauki ɗanka?"

"Ba a tambaye ni ba," na ce.

Ta ɗauka wasa ne. Ita 'yar Giyawa ce, mutanen tudu, gero da dawa ta sani. Ba ta taɓa jin Lasa ba.

Ban yi niyyar in kai abin ƙarshe ba. Abin da na shirya a raina shi ne in bari ganye ya ɗan yi rawaya, Malam Bulus ya rasa ta cewa, yaron ya zo ya tsuguna gabana ya ce Baba mi ya faru. Sai in faɗa, mu tone albasar mu mayar lambuna, kowa ya san wanda ya san ƙasar Wurno. Ina son ya dawo gida fiye da yadda Malam Bulus ke so. Amma ta hannuna nake so ya dawo.

Da ɗari ya shigo, Lawali ya zaɓo manyan albasa, ya yanke kawunansu, ya dasa a fangali-fangali, ya ja igiya layi ya miƙe sak. Aiki ne mai kyau, ban taɓa ganin wanda ya fi shi tsabta ba. Duk bayan kwana biyar ya zo bakin ƙofa.

"Baba, an kwan lahiya? Ruwa nika so."

"Ga shi nan."

In murɗa ƙarfe, ruwa ya tafi. Yakan ɗan tsaya yana dubana, ni kuma ina duban ruwa. Sai ya bi bakin hanya ya tafi.

Makonnin farko albasar ta yi kore shar, don saiwarta na cikin ƙasar da aka turo. Malam Bulus ya kwaso manoma daga Rabah da Sisawa su zo su gani. Ina tsaye a baya na ji yana cewa, wannan ɗana ne, ku jira shi, daga baɗin baɗaɗa babu mai sake tsallaka iyaka neman iri. Mutane suka yi ta sa wa yaron albarka, suna ce wa Malam Bulus Allah ya saka. Wani tsoho da muka yi ƙuruciya tare ya juyo ya ce mini, kai ka haifa, wani ya raina. Da wasa ya faɗa. Ranar ban ci tuwo ba.

Sai Kirsimeti ta zo, Malam Bulus ya tafi garinsu hutu na mako uku. A cikin makonnin nan kanwa ta fara nunawa. Gefen fangali ya yi fari kamar an barbaɗa gari, bakin ganye ya fara ƙonewa. Na ce yau ce ranata. Babu babur, babu kowa, daga ni sai yaron. Lokacin ma akwai sauran dama, da an tone an mayar lambuna, da ta rayu. Ya zo bakin ƙofa da ganye guda a hannu yana jujjuya shi. Ya tsaya har inuwa ta gusa. Na ƙi ɗaga kai, ina jiran ya buɗe baki. Ya sa ganyen cikin littafinsa ya rufe.

"Bari Malam shi dawo shi gani," ya ce, kamar da kansa yake magana.

Na ce a raina, to jira shi.

Da Malam Bulus ya dawo ya dubi farin, ya ɗanɗana a harshe, ya ce kanwa ce, amma kaɗan ce a sama, tunda an duba ƙasar ba a samu komai ba. Ya ce a ƙara ruwa ya wanke ta ta yi ƙasa. A wani fegin maganar daidai ce. A Lasa kuwa babu inda za ta je, ƙasan ma ita ce. Ga shi fegin ƙarshe ne, ruwa ba ya da mafita, sai ya kwanta. Kowane ƙarin ruwa jawo ta sama yake yi.

"Baba, Malam ya ce a ƙara mini ruwa. Duk kwana uku."

Na dube shi. Ya rame, rana ta ƙona shi, tafin hannunsa duk kanta. Lokacin dashe ya riga ya wuce. In na faɗa yanzu, tambayar farko ita ce, don mi ba ka faɗa tun farko ba? Kishin yana nan, kunya ta zo ta hau kansa. Na kama ƙarfe na murɗa dama. Duk kwana uku na murɗa, har ƙarshe. Da hannun nan nawa.

Albasar da ta rayu ta fitar da kara siriri, fure ƙanana. Ranar da Lawali ya je girbi ya tsinko kai guda, ya murza a tafi, ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, babu abin da ya rage. Ya tsinko wani, haka. Ya bi layi yana murzawa yana hurawa har ƙarshen fegin. Malam Bulus yana ba shi haƙuri, yana cewa shekara ɗaya ba ta yanke hukunci, a sake gwadawa a wani wuri.

"A'a Malam, mun yi magana," in ji Lawali. "Shekara huɗu ina karatun ƙasa, ga fegi guda a ƙofar gidanmu na kasa gane shi. Wa za ya amince da irin da nif fitar? In na lalata nawa, na lalata na mutane. Hannuna ba na noma ba ne."

Ina jinsa. Bai zo ya tambaye ni ba ko a ranar. Ya koma makaranta ya ce wa malaminsu a ba da sunansa.

Bayan tafiyarsa Malam Bulus ya sa aka haƙa rami a tsakiyar fegin har ƙugu. Ya zo bakin ƙofa da dunƙulen ƙasa fari a hannunsa. Bai cire hula ba, bai ce Sarkin Ruwa ba.

"Malam Garba, an ce mini ka yi kiwo a fadamar nan kafin dam."

"Na yi."

"Ka san wannan?"

"Lasa ta."

"Tun yaushe ka san a kanta fegin yake?"

"Tun da kunka kafa turaku."

Ya daɗe yana kallona. Ban taɓa ganin fuskarsa babu dariya ba sai ranar.

"Ɗanka ne fa."

"Ba a tambaye ni ba."

"Gaskiya ne, ban tambaye ka ba. Wannan laifina ne, zan ɗauka. Ɗayan kuma naka ne. Ba zan gaya masa ba, don ba zan raba ɗa da ubansa ba. Kai za ka gaya masa."

Ya ajiye dunƙulen a kan ƙarfen ƙofa ya tafi. Ya rubuta wa Lawali takarda ya ce ƙasar ce, ba hannunsa ba, ya dawo a ba shi wani fegin. Lawali ya amsa cewa manomin gaske da ya gane tun da wuri. Sannan Malam Bulus ya zo har zauren nan, ya yi sallama da uwarku, ya ce ta yafe masa, shi ne bai haƙa da zurfi ba. Daga bakinsa ta samu abin da ta zage shi da shi. Ina zaune a kan tabarma ina ji. Bai dube ni ba, ni ma ban ce komai ba. Shekara uku muka ƙara tare a wurin aiki, yana gaishe ni kullum. Aka yi masa canji, ya yi ritaya, daga baya na ji ya rasu a garinsu. Yana da 'ya'ya. Wanda ya samu hanya a cikinku ya neme su ya gaishe su.

Lawali ya tafi kudu. Ya yi aure can, ya haifi 'ya'yan da Hausarsu ke karkacewa. Ya samu abin duniya, ba a ce bai samu ba. Shi ya gina mana ɗakunan nan. Amma duk wanda ya gan shi a kasuwar Wurno ranar da ya zo Sallah ya san shi. Yakan tsaya wurin masu irin albasa, ya ɗiba a tafi, ya duba, ya mayar, ya wuce. Da ɗansa na fari ya ce yana son karatun noma, hana shi ya yi. Ya ce a jininsu babu.

Wannan maganar ce ta sa na kasa ci gaba da riƙewa. Sallar bara, washegari da safe, ya shigo zaure gaishe ni. Gemunsa ya yi fari kamar nawa. Na ce ya zauna. Bai taɓa jin na ce ya zauna ba, sai ya tsuguna a bakin tabarma.

"Fegin nan naka. Na san kanwa na ƙarƙashi tun ran da anka ba ka."

Ya juyo ya dube ni.

"Tun ran farko?"

"Tun ran farko."

"Kuma kai ka buɗe ruwan."

"Ni."

"Don mi, Baba?"

"Ka ce mai Baba. Ka tsara rayuwarka da shi ina zaune. Na so ka zo ka tambaye ni."

Ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma da yatsa. Da ya ɗago, ba fushi na gani ba. Da fushi ne da ya fi mini sauƙi.

"An ba ni wurin sanin makamar aiki a birni na ƙi, don in zo kusa da kai," ya ce. "Ban san yadda ake tambayarka ba, ba mu taɓa yi ba. Amma duk ran da niz zo bakin ƙofa, huskarka nika kallo. Nac ce in da matsala Baba ba ya buɗewa. Ran da anka ce a ƙara ruwa, raina bai kwanta ba. Sai nig ga ka murɗa ba ka ce komi ba. Nac ce to, daidai na."

Ya ɗan ƙara zama, ya ce bari ya je ya gaida ƙannen uwarsa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Kwana biyu ya ƙara, yana shigowa yana gaishe ni kamar kullum, sannan ya ɗauki iyalinsa ya koma.

Sallar bana bai zo ba. Ya aiko a gaishe ni.